Wa Za Ka Damƙa Wa Sadakarka? Ƙungiyoyin Taimako a Arewacin Kamaru da Yadda Na Auna Su

Da zarar azumi ya ƙarato, ko kuɗin auduga ya shigo hannun mutane, sai masu takarda su fara zarya a rumfunanmu na babbar kasuwar Garwa. Wannan na marayu ne, wancan na zawarawa, ga na ruwan sha, ga mai gina aji. Kwanan baya ƙanena da ke aiki a Duwala ya bugo ya ce, "Yaya, na ware jaka ɗari biyu, wa zan ba?" Amsar da na ba shi a waya ta yi tsawo har kuɗin kiransa ya ƙare, shi ya sa na rubuta ta.

Kafin komai, raba zakka da sadaka. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma malamanmu na Malikiyya ba sa barin a haƙa rijiya ko a gina masallaci da ita. Ita zakkar ka kai ta hannun mabuƙacin da ka sani. Maganata a nan kan kuɗin neman lada ce, wanda kake da zaɓi a kansa.

Daga Ngaundere zuwa Kuseri ƙungiyoyi sun yi yawa ne saboda kafa su ba wuya. Dokar 19 ga Disamba 1990 ta ce ku rubuta tsarin ƙungiyarku da sunayen shugabanni, ku kai ofishin purefe, ya ba ku takardar shaida, wadda kowa ke kira resefise. Ko bai ce komai ba, in wata biyu ya wuce ƙungiya ta zauna. Amma resefise daban, zama ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta da gwamnati ta ba amincewa ta musamman, daban. Wannan matsayin dokar 22 ga Disamba 1999 ce ta tsara shi: sai ƙungiya ta yi shekara uku tana aiki a gani, sannan ma'aikatar cikin gida a Yawunde ta amince mata na shekara biyar, a riƙa sabuntawa. Ƙungiyar addini zalla kuwa izininta daga shugaban ƙasa yake fitowa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Manya masu farar mota, irin su HCR mai kula da 'yan gudun hijira da PAM mai raba abinci da likitocin agaji na Médecins Sans Frontières, ba ni da abin faɗi a kansu sai alheri. Sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 don 'yan gudun hijirar Najeriya da Boko Haram ta koro, ba ƙaramin hannu ne zai ciyar da shi ba. Sai dai jakarka ɗari biyu a wurinsu kamar zuba moɗa ɗaya ne a tafkin Lagdo. Wuce.

GIC ma, wato rukunin haɗin kai irin na manoma, wuce. Mutum biyar sun isa su kafa shi a ƙarƙashin dokar 1992, kuma ko'ina ka shiga a ƙasar auduga ko ta shinkafar Yagwa za ka tarar da su, amma haɗin gwiwar neman abinci ne na 'ya'yansa. Ka shiga a matsayin manomi, ko ka bar su. Adashi kuwa kuɗinka ne ke zagayowa ya dawo maka, kada ka lissafa shi a lada.

Sai ƙungiyoyin gida da suka yi suna. A Marwa akwai ALDEPA, wadda Marthe Wandou ke jagoranta, mai aiki kan karatun 'yan mata da kare yara. Ita Marthe ta karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2021. Akwai reshen ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, na Arewa Mai Nisa, inda Aissa Doumara ta daɗe tana fama da auren dole, har Faransa ta ba ta kyautar Simone Veil ta farko a 2019. Irin waɗannan suna da ofis, da ma'aikata, da asusun banki da sunan ƙungiya. Wanda ke nesa, ba shi da mai duba masa, nan ya fi masa kwanciyar rai. Abin da kawai zan ce, wani ɓangare na kuɗin zai tafi ga albashi da man mota, kuma haka aikin yake, ba sata ba ce.

Ni dai inda zuciyata take shi ne kwamitin unguwa, musamman na famfo. Ba su da tambari, wasu ma ko resefise ba su da shi. Abin da suke da shi littafi ne na 'yan makaranta, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, da zama bayan La'asar ƙarƙashin dalbejiya. A unguwarmu famfon ƙafa ne, irin na Vergnet da ake takawa. Kowane gida na biyan ɗan abin da aka yanke a wata, ma'aji dattijuwa ce mai sayar da ƙosai, makulli ɗaya a ɗaure a bakin zaninta, ɗayan yana wurin na'ibin liman. Ba a buɗe akwati sai su biyun suna nan. Ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, da Hausa a maimaita da Fulatanci, har wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya ji.

Me ya sa na fifita su? Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga famfunan da aka kafa da biki, aka ɗauki hoto, aka liƙa allo, yau awaki ke kwana a gindinsu. Haƙawa ba ita ce wahala ba, masu haƙawa suna da yawa. Ranar da wata 'yar roba ta cinye a tsakiyar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rijiyoyi sun ƙafe, ranar ce ake sanin ko akwai mai famfo. Masu allo sun daɗe da komawa. Kwamiti ne zai kira mai gyara, ya biya shi, ya aika a sayo kayan. Jaka hamsin a akwatinsu tana iya tsayar da ruwan unguwa guda rani sukutum, kuma kana wucewa da safe kana ganin 'yan mata da bokitai a layi. Ba ka buƙatar rahoto. Sannan akwai abin da ya fi kowace doka tsoratar da ma'aji: a garin za ta aurar da 'yarta, a garin za a yi mata sutura.

Ba na cewa waliyyai ne. Na ga kwamitin da ya watse don mai unguwa ya cusa ɗansa a ma'aji, na ga inda aka ranta wa wani kuɗin akwati ya yi suna da shi, har yau ana jira. Amma ɓarnar tasu a fili take, cikin mako guda kowa ya ji.

Ɓarnar da ba ta fili ita ce ta ci ni. A daminar 2024, lokacin da ruwa ya mamaye Yagwa da ƙauyukan bakin Logon, wani matashi ya zo rumfata da riga mai aljihuna da kati a wuya. Ya durƙusa ya gaishe ni da kyau. "Alhaji, ranka ya daɗe, mu ONG ne, gobe motarmu za ta tashi da gero da tabarmi." Ya buɗe waya ya nuna mini yara a kan tudu ruwa ya kewaye su, ya miƙo takarda mai hatimi a cikin leda. Ban karanta ba, kunya ta hana ni, ga mutane a tsaye. Na tura jaka saba'in da biyar ta Orange Money. Sunan da ya fito a wayata na mutum ne, ba na ƙungiya ba, na gani da idona, na ce wataƙila ma'ajinsu ne. Bayan kwana uku lambar ta daina shiga. Maƙwabcina mai sayar da atamfa ya ba da tasa, mai shinkafa na bayanmu ya ba da buhu biyu. Hotunan nan kuwa daga baya ɗana ya nuna mini su a Facebook, an daɗe ana yawo da su.

Tun daga ranar na daina jin kunyar takarda. In an miƙo, zauna ka karanta, ko ka kira yaro ya karanta maka. In ya ce ONG ne amma resefisen purefe kaɗai ke hannunsa, ya riga ya yi ƙarya ɗaya, tambaye shi takardar amincewar ma'aikatar cikin gida. Duba shekarar da ke jiki, duba garin. Takardar wani yanki can kudu a hannun mai cewa yana aiki a Mayo-Danay, wato yankin Yagwa, tana buƙatar bayani. Kuma ko ta gaskiya ce, resefise shaida ce cewa an kai takardu ofis, ba shaida ce cewa an taɓa ciyar da maraya ɗaya ba. Akwai waɗanda muke kira ƙungiyar cikin jaka: shugaba shi ne sakatare, matarsa ce ma'aji, ofis kuwa jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Ba sa fitowa sai an yi ambaliya ko gobarar kasuwa.

Lambar waya ita ce babbar ma'aunina yanzu. Kafin ka tabbatar da turawa, karanta sunan da ya fito. In na mutum ne, tsaya ka ce, wane ne wannan, a wace unguwa yake, wa ya san shi? Mai gaskiya zai ce zo mu je. Maƙaryaci zai ce mota na jira. Gaggawa ita ce jarinsu, kullum gobe ne za a tashi, kullum yau ce ranar ƙarshe. Ka ce ya dawo jibi, ka ga ko zai dawo.

Akwai kuma masu cin talaka kai tsaye, waɗannan sun fi ba ni takaici. Su shiga ƙauye da rajista, su ce an turo su rubuta sunayen waɗanda za a raba wa tallafi, kowa ya kawo jaka ɗaya ko biyu na buɗe dosiye da kwafin katin ɗan ƙasa. Taimakon jinƙai kyauta ne, ba a sayen shiga jerinsa, manyan ƙungiyoyin da kansu suna nanata haka. Kuɗin ya tafi, katin kuma ba ka san layin wayar da za a yi wa rajista da sunanka ba. Haka masu cewa a WhatsApp wata gidauniya a ƙasar Larabawa ta amince ta gina muku masallaci, saura ku tura kuɗin fito. In baƙo ya zo da irin wannan, a kai shi gaban lawan ko jauro tukuna, a tambayi meri, wato ofishin magajin gari, ko sun san da zuwansa. Wanda aka turo da gaske ta can yake fara bi.

Da ƙanena ya sake bugowa ya saurari duk wannan, sai ya ce, "To Yaya, ni da nake Duwala ta ina zan ga littafin kwamiti?" Na ce ya turo, ni zan kai, a rubuta a gabana, in ɗauki hoton shafin in aika masa. Ya turo jaka ɗari da hamsin, hamsin ɗin ya ce zai ba wata ƙungiyar Marwa ta asusunta na banki. Ranar zaman wata na kai, Inna ma'aji ta ƙirga sau biyu, ta sa aka rubuta, sannan ta ce in sa hannu a gefe. Na ce, "Inna, ai ni na kawo." Ta ce ko liman ne ya kawo sai ya sa.