Kundin Zane da Rubutu a Kano: Na Shago, Na Baduku, Ko Tsohon Littafi?

Kafin ka tari a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari ko Kurmi neman kundin da za ka riƙa zane da rubutu a ciki, fara tantance abin da za ka ɗora wa takardar. Mai fensir da biro kusan kowace takarda ta ishe shi. Mai alƙalami da tawada yana bukatar wadda ba ta tsotse tawada ta baza ta. Mai fentin ruwa kuwa, da mai manne-manne da ke liƙa ƙyallen atamfa, tsohon kan sarki ko busasshen fure, su ne suka fi yin asara idan suka bi kyan bango. Sai an je gida an ɗiga ruwa a shafin farko, a ga ya kumbura ya yi tudu da kwari.

Da giram ake auna nauyin takarda, kuma lambar tana rubuce a jikin rim ko a bangon kundi. Takardar fotokwafi da kowa ya sani giram 70 ce ko 80. Ta yi wa fensir da biro, amma tawadar alƙalamin maka tana ɓulla ta baya. Daga 120 zuwa 160 tana ɗaukar tawada da manne-manne ba tare da ta lanƙwashe ba. Fentin ruwa sosai yana son 200 zuwa 300. Idan ba a rubuta lamba ba, ɗaga warƙa ɗaya ka sa yatsa a bayanta ka kalli haske. In kana ganin inuwar yatsan sarai, ta rubutu ce kawai.

Mafi sauƙi shi ne kundin shago. Masu sayar da kayan makaranta a Sabon Gari suna da mai bangon kwali, da mai waya, da littafin zane na 'yan firamare, wani lokaci har da na masu zane da ake shigowa da shi daga waje. Na wajen takardarsa ta fi kyau, amma kuɗinsa dala yake bi, abin da ka saya bara ba shi za a gaya maka bana ba. Abin dubawa a nan shi ne yadda aka haɗa shafukan. Buɗe tsakiya ka leƙa. In ka ga zare, ɗinki ne, zai daɗe. In gam aka shafa a ƙeya kawai, wato bayan kundin inda warƙoƙi suka haɗu, ka tuna zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, ga kuma bushewar hunturu. Gam ɗin yakan bushe ya tsage, warƙoƙi su fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Mai waya yana shimfiɗuwa sosai kuma yana jure kumburin manne-manne, sai dai ramukansa suna yagewa, wayar kuma tana lotsewa a jaka. Ga ɗalibi mai koyon hannu, wanda zai cika kundi ya ajiye ya ɗauki wani, na shago ya wadatar. Amma kada a yi cinikin biri a sama: kundin da aka gani a hoto a Instagram ba a san takardarsa ba sai an taɓa.

Na biyu shi ne na fata, kuma nan Kano ba ta da abin nema a waje. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, fata kuwa tana cikin hajojin da suka kai sunan garin nan har hayin Sahara. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato, wadda ake jemewa da bagaruwa, fatake ne suka riƙa kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka riƙa yi wa manyan littattafansu bango da irinta. Abin da attajiran Ingila suka yi alfahari da shi a ɗakunan karatunsu, mu yana nan a rumfar baduku.

Sai dai a kula. Wasu kundayen da ake jerawa don baƙi da masu tsaraba, bangon ya yi kyau, takardar ciki kuwa sirirya ce ƙwarai. Wani kuma ba fata ba ce, leda ce aka yi wa zane. Dubi bakin inda aka yanka: fata tana da gashi-gashi a cikinta, leda kuwa yadi ne ko soso a bayanta. Sannan ka jiƙa farin ƙyalle kaɗan ka goga a wani lungu na bangon, da izinin mai kaya. Idan jan ko baƙin ya biyo ƙyallen, da damina zai biyo hannunka ya hau shafukanka, ya hau aljihun farar shaddarka ma. Ka kuma sansana. Fatar da ba ta jemu ba warinta ba ya fita, sai ƙaruwa idan iska ta yi laima.

Shawarata ga mai son na fata ita ce ya sayi takardarsa da kansa, ya kai wa baduku. Ka ce masa, "Baba, ga takarda na ninke ta huɗu-huɗu, ɗinki nake so da zare mai ƙarfi, kada a sa solushan a ƙeya." Takarda huɗu idan aka ninke su biyu suna ba da shafi 16, irin wannan ƙunshi shida ko takwas sun yi kundi mai kyan riƙo. Baduku ya san fata da basilla fiye da kai, amma ba lallai ne aikinsa na kullum ya haɗa da takarda ba, don haka gara ka tsaya a huda ƙunshin farko a gabanka. Kuɗin ya fi na shago, kuma sai ka jira. In ya faɗi farashi ka taya, ya ce albarka, kada ka matsa har ya rage a ingancin fata. Araha ba ta ado.

Yanzu sai tsohon littafi da ake mayarwa kundin zane, wanda shi ne ya fi jan ran masu son karatu, kuma shi ne ya fi bukatar a yi hattara.

Daɗinsa a fili yake. Takardar da ta shekara talatin ta yi launin ƙasa-ƙasa mai taushi a ido, zanen baƙar tawada yana zama a kanta fiye da kan farar takarda mai ƙyalli. Rubutun da ke ƙasa yana leƙowa ta bayan fenti. Wasu sukan zaɓi kalmomi biyar ko shida a shafi su kewaye su, su shafe sauran, sai wata sabuwar magana ta fito daga tsohuwa. Ga araha: masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi da 'yan gwanjon littattafai sukan sallama wanda ya rasa shafuka da kuɗi kaɗan, don ba mai sayensa ya karanta.

Amma ba kowane tsohon littafi ake sa wa reza ba. Wanda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani, hadisi ko sunan Allah, wannan ba ya cikin lissafi, kuma a duba da kyau, domin littattafan Hausa da yawa, har na hikaya, da bisimilla suke buɗewa. Rubutun hannu na ajami ko na Larabci da aka tsinta a akwatin kaka, ko da gara ta ci gefensa, wataƙila shi kaɗai ya rage a duniya. Irin wannan masana ake nuna wa, a Jami'ar Bayero, ko Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Arewa da ke Kaduna.

Sai littattafanmu na farko-farko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya yi ta sake buga wasunsu, don haka sabon bugu ba wuya. Tsohon bugu ne ke ƙarewa, wanda ke da zanen bangonsa na da, da hatimin wata makarantar da wataƙila an canza mata suna, da sunan ɗalibi da tawada a shafin farko. Raina yana ɓaci idan na ga an yayyanka irin wannan don ado. In ka ci karo da shi a gwanjo, saye shi, gyara masa ƙeya, ajiye wa 'ya'yanka. Haka nan tsofaffin littattafan marubutan Afirka masu launin ruwan lemo a bango, waɗanda kamfanin Heinemann ya fara fitarwa a 1962. Har littattafan soyayya na kasuwar Kano na shekarun 1990, da ake raina wa, yanzu manazarta nemansu suke yi, domin an buga su a takardar jarida da ba ta jure shekaru, kuma da yawa ba a sake buga su ba.

To wanne ya halatta? Wanda ya riga ya mutu a matsayin abin karatu, kuma yana da dubban 'yan'uwa. Tsohon littafin lissafi ko na kimiyya da manhaja ta wuce shi. Juzu'i ɗaya na kundin sani da ya rabu da sauran. Labaran Turawa na ƙarni na 19, irin na Charles Dickens da ya mutu tun 1870, an buga su ba adadi, kuma suna nan kyauta a intanet. Kwafin da ya rasa babi uku na ƙarshe ba asara ba ne idan ya koma kundin zane. Ga mai ƙaunar labarin ma wani daɗi ne: ya karanta shafin, ya zana abin da ya gani a zuci a kan shafin da kansa.

A wurin saye, ka duba abu uku ba tare da gaggawa ba. Ninka kusurwar warƙa sau biyu. Idan ta karye, takardar ta ƙone da tsufa, ba za ta ɗauki gam ko ruwa ba. Takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace mai arha ita ke yin haka, shi ya sa jarida ke yin ja cikin 'yan watanni. Sannan ka nemi zare a tsakiya, domin ɗinkakke kaɗai ke jure a cire masa warƙoƙi. Cirewar kuwa dole ce: duk abin da ka manna yana ƙara kauri, in ba ka rage kamar kashi ɗaya cikin uku ba, littafin zai wage baki ƙeyarsa ta fashe. Na uku, karkaɗa shi ka sansana. Garin da ke zubowa da ƙananan ramuka alamar ƙwari ne. Ɗigo-ɗigo baƙi da warin rima kuwa fumfuna ce, tana yaɗuwa zuwa sauran littattafanka, kuma ba ta da kyau ga mai asma. Wannan a bar shi ko da kyauta ne.

Idan shafukan sirara ne, manna biyu-biyu, sannan ka shafa farin fenti siriri ka bari ya bushe kafin ka yi zane. Akwai kuma hanya ta tsakiya da na fi yaba wa mai fentin ruwa: ya sayi tsohon littafi don bangonsa mai tauri kawai, ya cire cikin gaba ɗaya, ya sa a ɗinka masa sabuwar takarda mai kauri a ciki. Masu yi wa ɗalibai bayindin ɗin kundin digiri a kusa da jami'o'i suna iya wannan aiki in an yi musu bayani, su ma a roƙe su ɗinki. Shafukan da aka cire su zama kayan manne-manne. In bangon ya ƙoƙe, ƙyallen da aka rina a karofin Ƙofar Mata yana rufe shi da kyau, amma a wanke shi tukuna har baba ya daina zuba.

Akwai zaɓin da masu talla ba sa ambata, alhali shi ne namu na gado. Alarammomi ba sa ɗinke Alƙur'anin da suka rubuta da hannu. Warƙoƙi ne a sake, a jera su cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Da wannan tsari aka adana littattafan malamanmu da aka rubuta a takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ta riƙa zuwa Kano ta hanyar Tarabulus, kuma ga su nan har yau ana karantawa. Mai zane zai iya aron tsarin don aikinsa. Kowace warƙa a shimfiɗe take lokacin aiki, ba ƙeyar da za ta tsage. Ka haɗa mai kauri da sirirya da shafin tsohon littafi a wuri guda. Wadda ta lalace ka zare ta, wadda ta yi kyau ka fitar ka sa a firam. Aibinsa ɗaya ne: iska ko yaro na iya watsa maka aiki, don haka a sa wa kowace warƙa lamba. Malamai a da sukan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata don kada jeri ya rikice, dabarar tana aiki har gobe. A ganina, ga wanda ya ɗauki abin da gaske kuma yana gwada kayan aiki iri-iri, wannan ya fi sauran, kuma duk badukun da ke ɗinka gafaka ya san yadda ake yin sa.

Kowanne ka zaɓa, gam yana iya ɓata shi. Farin gam na ruwa, irin na kafintoci, shi ya dace, a shafa shi siriri da burushi, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Solushan yana ratsa takarda ya bar tabo, salatif kuma yana yin ja ya ɓare bayan 'yan shekaru ya bar dauɗa. Kokon sitaci yana riƙewa, amma kyankyasai da gara suna sonsa. Ƙaro ya yi wa haɗa tawada da manna abu mara nauyi. A ajiye kundi a kan kantar littattafai, nesa da ƙasa da jikin bango, musamman a ɗakin ƙasa, a sa busasshen ganyen darbejiya kusa da shi, kuma a watan Agusta a riƙa buɗe shi yana shan iska a inuwa.