Odiyon "rufe ido ki hango" da na saya kafin zaman Asabar

Ni dai ɗinki nake yi a Yelwa nan Garwa, kuma ciwona tun da can shi ne ba na iya buɗe baki in nemi kuɗina, mace ta karɓi kayanta ta ce sai ƙarshen wata, shi ke nan na haɗiye. Da ƙawata ta ce akwai wata madam mai koyar da ƙarfin zuciya ran Asabar sai na tura sefa 5,000 ta Orange Money, aka turo min odiyo bakwai a WhatsApp, kullum ɗaya minti goma, ki rufe ido ki ja numfashi ki hango abin da take faɗa kafin ranar zama.

Na farko har na huɗu duk bakin teku ne, ni ko Kribi ban taɓa zuwa ba, ga zafin Afrilu ga kuran ya ɗauke fanka ta tsaya, sai na riƙa mayar da shi bakin Binuwai wajen gada inda masu wanki ke shanya kaya a yashi, sannan hankalina ya fara kwanciya.

Na biyar ne ya biya ni kuɗina wallahi. A ciki ta ba da labarin ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps, yadda yake kallon tserensa a zuci kafin ya kwanta har da abin da zai iya ɓacewa, shi ya sa a Beijing 2008 da ruwa ya cika masa tabarau ba ya gani, sai ya riƙa ƙirga sau nawa hannunsa ke bugun ruwa har ya ci zinare. Ta ce kar ki tsaya hango kuɗi a hannu, ki hango hanyar. Sai na ɗauki wata Hajiya da nake bi 18,000 tun Babbar Sallah. Dare uku ina shiga gidanta a zuci, in yi sallama, in cire takalmi, in zauna a tabarma, mu gaisa, ta ce "ƴata ai kin san yadda gari yake", ni kuma in ce "haka ne Hajiya, ni ma zare da lilin bashi na ɗauko su". Ran Alhamis na je da gaske, kuma kusan maganar da ta yi ke nan, hannuna na rawa cikin hijabi amma muryata ta fito, ta shiga ɗaki ta ƙirgo min 12,000. A kan moto har hawaye na yi.

To amma zaman Asabar ɗin ya ɓata min rai kuma har yanzu abin na cina. Mun fi talatin a aji ɗaya, aka ce mu rufe ido, wata yarinya ta ce madam ni duhu kawai nake gani, sai madam ta ce mata a gaban kowa ai ba ki da niyya ne, wasu suka yi dariya, yarinyar ta sunkuyar da kai ba ta ƙara magana ba har aka tashi. Ƙanena da ke jami'ar Ngawundare ya ce min akwai mutanen da haka Allah ya yi su, ba sa ganin hoto a zuci ko kaɗan, wani likitan Ingila Adam Zeman ya sa wa abin suna afantaziya tun 2015. Mai karɓar kuɗin mutane a kan wannan aikin ya kamata ta san haka. Ga shi sai a ƙofa aka ce zama na biyu 3,000 ne daban, ba a faɗa mana ba lokacin biya.

Ba zan koma ba gaskiya. Odiyo na biyar na ajiye shi, sauran na goge, yau da dare ma zan saurara don akwai ragowar 6,000 a wajen Hajiya.