Faifan waƙoƙin jana'iza na Latin da na saya: daɗin saurare akwai, amma koyo da shi sai a hankali

To jama'a bari in faɗi ra'ayina kan faifan nan tunda mutum uku kenan suna tambayata ko ya ci kuɗinsa. CD ne guda ɗaya na sayo a wani shagon littattafan Katolika, wasu 'yan zuhudu maza ne suka rera, waƙoƙin Mas (babbar sujadar Katolika) na matattu ne da Latin tun daga shiga har fita, wanda ake ce wa Requiem. Dalilin sayen kuwa kwaya mastanmu ne ya dage sai mun koyi ko guda biyu kafin 2 ga Nuwamba, ranar da ake yi wa dukan mamata addu'a, ni kuma da rawar kai na ce ku bar min, zan nemo abin da za mu riƙa bi.

Tun farko in kana jiran piyano ko ganga ko irin Requiem ɗin Mozart mai tarin kayan kiɗa, to ajiye kuɗinka. Murya ce zalla, kowa a kan layi ɗaya, ba alto ba tena ba bas, ba ma bugun da za ka bi da ƙafa. Ranar da na fara sa shi ƙanwata ta leƙo ɗaki ta ce "yaya lafiya dai, wa ya rasu?" Wanda ya saba da zumuntar mata da tulunsu da kacau-kacau a wurin makoki zai ji wani iri a kwanakin farko, ni ma haka na ji. Irin wannan waƙa ita ake kira Gregorian, da sunan Fafaroma Gregory na farko wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, duk da masana sun ce a ƙarni na 8 da na 9 ta kankama a yankin Faransa da Jamus na yanzu, zamanin sarki Sharlaman.

Waƙar shiga ita ce Requiem aeternam, wato hutu na har abada ka ba su ya Ubangiji, haske madawwami ya haskaka musu. Sun ja ta a natse, ba su hau sama da yawa ba, kamar mutum na lallashin jariri. Daga nan Kyrie gajere, wato ya Ubangiji ka yi mana jinƙai, babu Gloria babu Alleluia don a tsohon tsarin jana'iza ba a yin su, sai Absolve Domine a madadin Alleluia ɗin. Wannan kam ban ji ta a raina ba, gaɓa ɗaya sai a yi ta jan ta kamar danƙo, sau da yawa tsallake ta nake.

Wadda ta sa na ce faifan ya biya ni ita ce Dies irae. Waƙa ce ta ƙarni na 13 da aka fi jingina wa Thomas na Celano, ɗan ƙungiyar Fransiskan, kuma farkonta daga littafin Zafaniya 1:15 aka ɗauko, ranar fushi. 'Yar uku ce, kusan kowane baiti ɗango uku da amsa-amo iri ɗaya, ko ba ka jin Latin kunnenka zai kama, ni dai ta tuna min da waƙoƙin wa'azi na tashin ƙiyama da makafi ke rerawa a bakin kasuwa. A ciki akwai busa ƙaho, kaburbura na buɗewa, a kawo littafin da aka rubuta komai, Alƙali ya zauna, ba abin da zai ɓoyu. Na zaci za su yi ta da tsawa don a tsorata, ina, da murya ɗaya suka tafi daga farko har ƙarshe, ɓangare biyu suna karɓa-karɓa, kuma wallahi wannan rashin hayaniyar ne ya fi ratsa ni, musamman inda waƙar ta juya mai laifi ya daina bayanin ranar ya koma roƙo yana cewa ka tuna Yesu ni ne dalilin tafiyarka, kai da ka yafe wa ɓarawo a kan gicciye ka ba ni ma bege. Wajen minti shida take ci. A littafin Mas na 1570 tana cikin waƙoƙi huɗu kacal irin nata, waɗanda ake rerawa kafin karatun Bishara, da aka bari, amma gyaran da aka yi bayan taron Vatican na biyu ya cire ta daga Mas na jana'iza, shi ya sa yawancinmu muka taso ba mu taɓa jin ta a coci ba sai dai tsofaffi. Turawa masu kiɗa irin su Berlioz da Liszt da Rachmaninoff duk sun ari karin farkonta.

Ta ƙarshe In paradisum, wadda ake yi lokacin fita da gawa, ko minti biyu ba ta kai ba. Mala'iku su kai ka aljanna, shahidai su tarbe ka, ka huta tare da Li'azaru wanda dā matalauci ne. Na maimaita ta ba adadi, kullum sai na tuna ranar da muka ɗauki Baba, Allah ya ji ƙansa.

Yanzu matsalolin. A cikin babban cocin dutse aka naɗa, amsa kuwwa ta yi yawa, daɗi a kunne amma kalmomin na narkewa cikin juna, ka ji ƙarshen wata na hawa kan farkon wata, to ta yaya za ka koya wa mutum talatin da haka. Sautin ma ƙasa-ƙasa ne, a mota kan hanyarmu mai ramuka ba ka jin komai sai ka ƙure bolum. Ɗan littafin da ke ciki kuma rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, Latin da Turanci kawai, ba su sa alamun waƙa ba ko ɗaya, alhali su ne muke nema, waɗannan masu kusurwa huɗu a kan layi huɗu da ake danganta tsarin layukan da Guido na Arezzo tun ƙarni na 11. Sai da fada ya ara mana Graduale ɗinsa, wato littafin waƙoƙin Mas mai alamun, bugun Solesmes, gidan zuhudun Faransa da ya farfaɗo da waƙoƙin nan tun daga ƙarni na 19, sannan muka gane inda ake numfashi. Subvenite ma da ake tarbar gawa da ita babu a faifan. Ga kuma wahalar neman abin sa CD a wannan zamani, tsohuwar DVD ɗin maƙwabci na aro.

In don ka zauna da daddare ka saurara ne saya kawai, ina ba shi huɗu cikin biyar. In don kwaya ne biyu da rabi, sai ka haɗa da littafi da wanda ya iya karanta shi. Mu dai Lux aeterna, ta lokacin karɓar Jibin Ubangiji, da In paradisum muka ɗauka, Dies irae kwaya masta ya ce a bar ta sai baɗi, 'yan soprano sun ce baitocin sun yi musu yawa.