Kwana takwas a motar kwana, cikin jajayen duwatsun Utah

Tun da muka dawo ake tambayata ko motar ta biya kuɗinta. Ta biya, sai dai ta koya mana tattalin ruwa da ƙarfi da yaji.

A Las Vegas muka karɓi hayarta farkon Oktoba, ni da uwargida da ɗanmu. Kamar ƙaramar bas take, amma an mayar da cikinta ɗaki: gado a baya, murhun gas mai kai biyu, ɗan firij, wurin wanke-wanke da tankin ruwa. Niyyarmu mu zaga manyan gandayen gwamnati biyar na jihar Utah ta Amurka, wato Zion, Bryce Canyon, Capitol Reef, Canyonlands da Arches. Katin shiga na shekara, dala 80 a lokacin, shi ya shigar da mu dukkansu.

Ƙanƙantar motar ta yi mana rana a Zion. Akwai ramin da aka huda cikin dutse tun 1930, tsawonsa ya kusa kilomita biyu, kuma matsattse ne, a lokacin har sai an tsayar da hannu ɗaya kafin manyan motocin kwana su wuce. Tamu ta shige abinta ba tare da rakiya ba. Cikin kwarin kansa kuwa ba a barin kowa ya shiga da motarsa a lokacin cunkoso, ajiyewa ake yi a hau bas ɗin gandun, kyauta.

Yanzu maganar ruwa. Wanda ya auna tankin nan bai yi lissafin mutum uku masu alwala ba, balle buta. Duk da muna kasaru muna haɗa salloli, kwana biyu kacal ya ɗauke mu, ga girki ga wanke-wanke. Da yammacin rana ta biyu uwargida ta murɗa famfo, sai tari ya yi. Ta dube ni ta ce, "Baban yaro, kai da ka ce an gama shiri?" Ban ce uffan ba. Washegari na sayi jarkoki biyu, muka riƙa cika su duk inda muka ga famfon ofishin baƙi. Banɗakin ma ɗan akwati ne da kai za ka je ka zubar a wurin da aka tanada, kuma wannan aikin ba wanda ya yi takara da ni a kansa.

Bryce ce ta ba mu kashi. Mutum ya ji an ce hamada sai ya zaci zafi, alhali wurin ya haura mita 2,400 a sama. Sanyin nan ne ma ya sassaƙa dogayen duwatsun da ake zuwa kallo: ruwa ya shiga tsaga, ya daskare da dare, ya fasa dutsen kaɗan kaɗan. To a daren ne na'urar ɗumama motar ta mutu. Na ci hunturun Jos, amma wannan daban ne. Muka haɗa barguna da dardumar salla muka lulluɓe yaron. Lambar gaggawa ta kamfanin ba ta amfane mu da komai ba, don sabis ɗin waya ya ƙi tsayawa, da na same su da safe kuma sai haƙuri suka ba ni. Anan kam sun gaza.

Amma asubar ta rama mana. Muna cikin gandun muka kwana, don haka kafin masu otal su iso mun riga mun tsaya a bakin kwarin da shayinmu, rana na hawa kan duwatsun suna komawa kamar garwashi. Jan nan tsatsar ƙarfe ce a cikin dutsen, irin abin da ke sa jar ƙasa ja. Wannan sa'a guda ita ce abin da motar ke sayar maka, ba gadon ba.

Hanya mai lamba 12, tsakanin Escalante da Boulder, tana da wani wuri da kwalta ke bin ƙoƙon tudu, rami hagu rami dama. Uwargida ba ta buɗe ido ba sai da muka sauka. A Capitol Reef muka tsinki tuffa a lambunan Fruita, waɗanda 'yan ɗariƙar Mormon suka fara dasawa a shekarun 1880. Canyonlands wuni ɗaya muka ba ta, ta fi ƙarfin haka.

Sansanin kwana na cikin Arches ana kama shi ne tun wata shida kafin zuwa, mu kuwa ba mu kama ba. Sai muka fita can nesa da garin Moab, filin gwamnatin tarayya inda aka yarda a kwana kyauta. Ba wuta, ba maƙwabci, taurari kamar a ƙauye lokacin ƙuruciya. Da rana muka taka zuwa Delicate Arch, bakan dutsen da ke jikin lambar motocin Utah, kusan kilomita biyar zuwa da dawowa, hawa ne kuma babu inuwa. Gandun na da irin waɗannan bakuna fiye da 2,000. Naman halal ba mu gan shi a ƙananan garuruwan nan ba, dambun naman da muka taho da shi da murhun motar su suka riƙe mu.

Wurin mayarwa aka caje mu kuɗin nisan da muka ƙara a kan ƙa'ida, wannan laifina ne da ban karanta takarda da kyau ba. Amma da suka ƙara kuɗin share jar ƙura, ba su rage ko sisi na daren da muka kwana ba ɗumi, abin ya tsaya mini a rai. Zan sake irin tafiyar, da jarkokina tun daga gida, a wani kamfanin. Dardumar kuwa an wanke ta sau biyu, har yau gefenta ja ne.