Hattara da mai sayar da batirin sola da ke nuna maka 100% a allo

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu ɗora sola a kan mota a Jega, Aliero, Birnin Kebbi da kewaye. Ga abin da ya same ni, ina faɗa ne don kada ya samu wani.

Sana'ata cajin waya da sayar da ruwan sanyi a kasuwannin ƙauye. Ina da 'yar bas, na ɗaure farantin sola biyu masu wat 150 a samanta, a ciki kuma akwai ƙaramin firji da allon soket. Da batirina ya gaji, sai na ga talla a wani zauren WhatsApp: batir mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa), wai ɗan Kwatano ne, bai yi wata shida yana aiki ba, kuɗinsa rabin na sabo. Na kira lambar, mai kayan ya ce mu haɗu kusa da tasha a Jega bayan azahar.

Na tarar da batirin a bayan motarsa, ya jona shi da faranti ɗaya da ya jingina a cikin rana, ga kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, tana haske. Ya ce, "Alhaji, ba sai na yi dogon bayani ba, duba da idonka." Na duba, allo ya nuna 100%, a ƙasa kuma ƙarfin wuta bolt 13.6. Kwalin batirin fes, takardar jikinsa sai ƙyalli take. Na tura masa kuɗi nan take. Ni kaɗai na ciccibi batirin na sa a mota, kuma wallahi a lokacin ko kaɗan rashin nauyinsa bai dame ni ba.

A daren nan, kafin a fito sallar isha'i firji ya ɗauke, allo ya koma 11.4. Da gari ya waye, rana ba ta yi awa biyu da fitowa ba sai ga 100% ya dawo. Har na ji daɗi, na ce ashe yana saurin cika. Kwana uku ana haka, ruwa ya ƙi sanyi, wayoyin mutane na dawo musu da su rabi da rabi ina ba da haƙuri. Na kira mutumin, layi a kashe.

Mai wayarin ɗin da ke gyara mini mota shi ya buɗe mini ido. Ya ce, "Maigida, saurin cikar nan ita ce cutar. Randa ce a ido, amma cikinta moɗa." Batir mai 200Ah na gaskiya, in ya sauka zuwa rabi, faranti biyu irin nawa sai sun kusa wuni kafin su cika shi. Wanda ya mutu kuwa, abin da yake iya riƙewa kaɗan ne, shi ya sa yake cika da wuri ya kuma zube da wuri.

Sannan ƙananan kwantirolar nan masu araha ba sa auna abin da ke cikin batir. Ƙarfin wutar da ke kan bakinsa suke karantawa, su mayar da shi kaso cikin ɗari. Muddin faranti na tura wuta, lambar za ta hau 13 har ta wuce 14, ko da batirin gawa ne. Ko an cire shi daga caji ma, lambar tana nan a sama na ɗan lokaci. Dalilin da ya sa mutumin ya zaɓi tsakar rana ke nan, kuma bai cire wayar faranti ba har na biya.

Gwajin gaskiya sai batir ya huta. A cire masa komai, caji da kayan da ke jan wuta, a bar shi awoyi, in da hali ya kwana, sannan a ɗora mita. Batirin dalma mai bolt 12 irin nawa, in a cike yake, zai nuna 12.6 zuwa 12.7. In ka ga 12.2, ya kai kusan rabi, kuma a nan ya kamata a tsaya, domin yawan wuce rabi shi ke kashe irin wannan batir da wuri. In ya faɗi ƙasa da 12, kusan babu komai a ciki. Batirin litiyam irin LiFePO4 nasa daban ne: yana zama a wajen 13.2 kusan duk tsawon aikinsa, don haka lambar ba ta gaya maka komai, sai da mitar da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita.

Amma ko 12.7 ɗin ba ta isa shaida ba, don ƙaramin batir ma yana nuna ta. Dole a ɗora masa kaya. Mai wayarin ya cika nawa, ya jona masa ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amp 4 da rabi. Da 200Ah ne na gaske, zai yi wajen awa 20 kafin ya kai rabi. Muna zaune a kan benci muna kallo, awa biyu ba ta cika ba hasken ya koma ja kamar garwashi.

Daga nan muka kai shi sikelin masu awon albasa. Batirin dalma mai 200Ah yakan kai kilo 55 zuwa 60, mutum biyu ke ɗaukarsa. Nawa kilo 33 ya yi.

Don Allah duk wanda ya ce maka sauri yake, ba zai bar batir ya kwana ba, ba zai yarda a ɗora ƙwai ba, ba shi da shagon da za ka koma, ka riƙe kuɗinka. Jiya wani abokin sana'ata daga Bunza ya turo mini hoton talla: kwali iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya, sabuwar lambar waya. Na kai rahoto wajen 'yan sanda da shaidar kuɗin da na tura, batirin kuma yana nan a zaurena ga duk mai son ya zo ya ɗaga shi ya ji.