Taron Abuja ko lensin 70-200: amsa ga mai ɗaukar ƙwallon dawaki da dambe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tunda ka ce kuɗin abu ɗaya za su iya yi, ko dai rajista da mota da masauki na taron kasuwancin 'yan jaridar wasanni da ka gani za a yi a Abuja, ko kuma lensi na hannu ga kyamararka, to sayi lensin. 70-200mm (lambobin da ke nuna yadda yake jawo abu na nesa) mai f/2.8 (wato mai faɗin ƙofar shigar haske) nake nufi, kada a lallaɓa ka da 75-300 don ya fi araha.

Filin ƙwallon dawaki yadi 300 ne a tsaye, 160 a kwance, kuma ba a barin mai hoto ya tsaya a bakin layi saboda dawaki kan zarce da gudu. Da ƙaramin 18-55 ɗin da ya zo da kyamara, doki da mahayi za su fito maka kamar ƙwayar gero a faifai. In ka yanke hoton don ka matso da su sai ya farfashe, babu editan da zai karɓa. Shi kuwa 70-200, in kyamararka mai ƙaramin sensa ce (farantin da ke kama hoto a cikinta), a Canon yana aiki tamkar 112 zuwa 320, a Nikon 105 zuwa 300. Wannan ya ishe ka rabin filin da ke kusa da kai. Ɗaya rabin ka ƙyale shi, domin duk lokacin da aka ci ƙwallo ƙungiyoyin na musayar gida, saboda haka in ka kafa a gefe ɗaya kowa zai zo ya same ka. Ka tsaya inda rana take bayanka, kuma ka tuna da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda a wasan nan, sai ka zaɓi kusurwar da damar mai kawo hari ke kallonka. Ta nan ne fuska da sanda da ƙwallo suke haɗuwa a hoto ɗaya.

Amma inda lensin nan yake biyan kuɗinsa shi ne haske. Doki a guje yana son saurin shota (buɗewa da rufewar kyamara) 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, in ba haka ba ƙafafu su narke. Tsakanin f/2.8 da f/5.6 na mai arahan ninki huɗu ne na haske. Ma'ana, inda mai arahan zai tilasta maka ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) zuwa 6400 hoto ya cika da tsaki-tsaki, wannan a 1600 yake tsaye. Je ka gidan dambe ka gani. Manyan wasanni ba a sa su sai rana ta yi sanyi, wani lokaci har an kunna fitilu, ga ƙurar da ƙafafu suka tayar. A daidai wannan lokacin masu ƙananan lensi suke rufe jaka, mai f/2.8 kuwa yana nan durƙushe, yana kama zaren da ya fara warwarewa a hannun ɗan dambe, da gumin da ya fantsama lokacin da naushi ya sauka, 'yan kallo da makaɗa duk sun dushe a baya. Irin wannan hoton ne ɗan wasa ke aiko yaronsa nema tun kafin ka bar filin.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: na Canon mai bakin EF da na Nikon mai bakin F (bakin da ake ɗaura shi a jikin kyamara ke nan) ba sa miƙewa in ka juya zum, komai a ciki yake motsi. Masu miƙewa suna shaƙar iska su fitar, a hunturun Katsina kuwa ƙura suke shaƙa. Duk da haka ka sa masa gilashin kariya mai 77mm, ka riƙa yawo da robar hura iska, kada ka goge da bakin riga, kada kuma ka canza lensi a tsakiyar fili. Nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, don haka ka haɗa da sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya. Zagaye ɗaya na ƙwallon dawaki minti 7 ne, amma ranar hawa a Ƙofar Soro ko Hawan Magajiya a Daura sa'o'i za ka yi a tsaye. In kuɗin Canon ko Nikon bai kai ba, Tamron da Sigma suna da irinsa, kuma suna aiki.

Taron fa? Ban ce ba shi da amfani ba. Za ka ji yadda ake tsara farashi da neman masu ɗaukar nauyi, ka karɓi katunan mutane, ka dawo da satifiket. Sai dai duk wanda ka gaisa da shi a can, abu na biyu da zai ce shi ne "mu ga aikinka", kai kuma abin nunawar ne ba ka da shi tukuna. Rajista da reshen SWAN na jiha, ƙungiyar marubuta wasanni, ta fi kusa da kai, kuma ta nan ne za ka ji yadda ake samun katin shiga filin Muhammadu Dikko ranar wasan Katsina United.

Kasuwancin da za ka je koyo ma a ƙofar gidanka yake. Katsina gidan ƙwallon dawaki ce tun zamanin Sarki Dikko, kuma Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan har wajen ƙasar nan. In ana gasa, masu dawaki da iyayen ƙungiyoyi daga Kaduna da Kano da Legas su ne ke zuwa su same ka. Ka je barga da safe ka gaisa da masu kula da dawakin, su suka san wanda ke sayen hoto da wanda ke cewa "turo min" kawai. Ka tura samfuri ƙarami mai tambarinka a tsakiya. In an yi ciniki ka karɓi rabi kafin alƙalami, sannan ka tura cikakken hoton a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hoto in an tura shi kai tsaye. Ka kuma rubuta a saƙo ko na ajiya ne ko na talla, farashinsu ba ɗaya ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwar kayan hannu. Kada ka tura kuɗi a kan hoto da bidiyo. Ka tafi da kyamararka ka ɗaura shi da kanka. Cire murafan biyu, haska tocilan waya ta baya ka duba ta gaba: ɗan ƙura ba komai, amma in ka ga zare-zare fari a jikin gilashin ciki, fumfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka kwana a damshin kudu, kuma tana yaɗuwa. Duba kan sukurorin bakinsa, in sun cinye to an taɓa buɗe shi. Ɗauki rubutun allon wani shago daga nesa a 70, a 135, a 200, duk a f/2.8, ka buɗe hoton sosai ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi, alamar ya taɓa faɗuwa ke nan. Saurari injin fokas, in yana ƙara ko yana kai-komo bai tsaya ba, ajiye musu. Lambar jikinsa ta shiga rasit, a kuma rubuta kwanakin gwaji. Akwai masu cewa mai f/2.8 ne a waya, ka je ka tarar da mai f/4, don haka karanta abin da ke rubuce a jikinsa. Katin ajiya ma kada ka karɓi na gyara daga hannunsu, jabu sun yi yawa. Nemi mai alamar V30 (alamar saurin ajiye hoto), ka cika shi taf a gida ka ga ko duk abin da ka zuba yana buɗewa.

Masu shirya taro ma akwai gurɓatattu. In asusun biyan kuɗi na mutum ɗaya ne, ko an ce za a ba ka lambar yabo in ka ƙara wani abu, ko an haɗa da alƙawarin biza, ja da baya. Ranar da ka tashi zuwa wani taron, kira otal ɗin da kanka ka ji ko an kama zauren a wannan ranar, sannan ka biya.