Gyaran batirin Camry haibirid a Sina'iyya: an sauya haliyya biyu, an bar fanka cike da ƙura

Motar Camry ce ta 2013, haibirid, wato mai aiki da injin fetur da kuma batir, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Da tana ba ni kilomita 16 zuwa 17 a lita a cikin Jidda da fetur mai lamba 91, sai ta koma 11, ranar da cunkoso ya yi yawa ma 10. Inji ya daina mutuwa a danja. Ma'aunin batir ya cika dam, kafin ka yi kilomita biyu ya zube ya bar sanda biyu. Ga ƙarar fanka daga bayan kujera kamar ta injin markaɗe. Daga ƙarshe allo ya rubuto Check Hybrid System.

Warshar, wato garejin, da na kai ta a Sina'iyya, unguwar makanikai, ta masu haibirid ce, kuma da farko sun burge ni. Usta, wato babban makanike, ya jona kwamfuta, lambar matsalar batir P0A80 ta fito, ya ce bulo na 9 na batirin ne ya mutu. Suka ciro haliyya biyu, wato ƙananan batiran da ke haɗuwa su zama babban batir, na tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, suka saka, suka goge lambar, na karɓi mota kafin Isha. Kuɗin bai kai rubu'in na sabon batir ba, garanti wata ɗaya. Mako uku tana lafiya lau.

Sati na biyar, a hanyar Makka, bayan an wuce Shumaisi, rubutun ya dawo. Motar ta yi nauyi, inji na kuka amma ba ta ja.

A nan ne na sayi ƙaramar na'urar OBD ta Bluetooth, mai karanta kwamfutar mota, na haɗa da manhajar waya ta Dr. Prius mai duba batirin haibirid, kuma abin da na gani shi ya ɓata min rai. Batirin wannan Camry haliyya 34 ne, kowace volt 7.2, jimla 244.8. Kwamfutar motar tana karanta su bibbiyu, wato bulo 17. In mota na tsaye, duk bulo ɗin kusan ɗaya suke, bambancin bai wuce 0.2 ba, shi ya sa awon tsaye yake yaudara. Sai an ɗora masa kaya. A bar mota ta yi ɗumi tana READY, a ja birkin ajiya, a danne birki sosai da ƙafar hagu, a saka R, a taɓa totur kaɗan, AC a ƙure. Wannan yana zuƙe batir. A koma D a yi haka, sai inji ya tashi ya yi caji. Bulo mai rauni shi ke fara faɗuwa wajen zuƙa, shi ne kuma ke wuce kowa hawa wajen caji. A tawa, bulo na 8 ya faɗi ƙasa da sauran da fiye da volt ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan. Maƙwabcin wanda aka sauya ke nan. Wannan gwajin bai ci minti goma ba, kuma da an yi shi ran farko da an gan shi.

Zafin batir kuwa yana nuna digiri 52. Da na cire murfin da ke gefen kujerar baya, inda iska ke shiga, na leƙa fankar, sai na tarar da ita ta toshe da ƙura da zare sun zama kamar bargo. Ba a taɓa ta ba. An ciro batir gaba ɗaya daga but, an buɗe shi, an mayar, fankar tana nan kusa da hannu, ba wanda ya ce a busa mata iska. A Jidda! Batir irin wannan da iskar cikin mota yake shan sanyi, kuma idan ya yi zafi kwamfuta tana rage aiki da shi don kada ya lalace, sai inji ya ɗauki dukan nauyin. Shan man ke nan. Haliyyoyin tsakiya su suka fi cin zafi, shi ya sa 8 da 9 suka riga saura mutuwa.

Da aka sake buɗewa a gabana, ƙananan farantan jan ƙarfe da ke haɗa haliyyoyi duk sun yi tsatsa kore. Su ma ba a wanke ba. Tsatsar tana hana wuta wucewa yadda ya kamata, tana ƙara zafi, har ta sa kwamfuta ta karanta bulo lafiyayye a matsayin mai rauni. Na tambayi usta ko sun auna ƙarfin haliyyoyin da suka saka, ya ce sun duba volt. Volt ba ya faɗin yawan cajin da haliyya ke riƙewa. Sabuwa tana riƙe amfiya-awa 6.5, tsohuwa ta shekara goma tana iya komawa rabin haka, kuma in aka haɗa mai ƙarfi da raunana, raunanan su ke shan wahala. Gyaran gaskiya sai an yi wa kowace caji an sauke, sau biyu ko uku, an rubuta abin da ta riƙe, an zaɓo masu kama da juna, an daidaita su, sannan a mayar da na tsakiya gefe. Aikin kwanaki ne. Wanda ya ce ka dawo bayan La'asar, sauyi kawai zai yi maka.

Garantin kuma ya ƙare da kwana shida, ba su yi min ragi a haliyyar bulo na 8 ba.

In za a yi adalci, ba su yi musu ba. Sun wanke fankar da farantan kyauta, kuma yaron warshar ne ya gano abin da ni ban yi tunani ba: ƙaramin batir na volt 12 da ke cikin but yana nuna 11.8 da safe, alhali lafiyayye yana 12.4 zuwa 12.6. In ya yi rauni yana jawo rubuce-rubucen ƙarya a allo. Ya kuma nuna min cewa tayoyina sun gaza abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kuma baƙin man da aka zuba min a wani wuri 20W-50 ne, motar kuwa 0W-20 take so. Da aka gyara waɗannan aka sauya matatar iska, mai ya koma kilomita 14, zafin batir ya sauko wajen 40. Sauran giɓin, wani na AC ne, domin kwamfaresarta da lantarkin babban batir take aiki, kuma ba mai kashe AC a watan Agusta. Wannan yaron ya san aikinsa, shi na ba wa na shayi.

Amma ina tsaye suka zare filogin nan mai ruwan lemo da ke katse wutar babban batir suka fara kwance wayoyi nan take, ba safar hannu ta wuta, ba jiran minti goman da ake yi don wutar inbata, na'urar da ke juya wutar batir, ta sauka. Volt 245 ba abin wasa ba ne. Da na koma gida kuma na ji iska tana fita ta bayan kujera, ashe bututun da ke kai iskar fanka cikin batir ba a zaunar da shi daidai ba, an bar maɓalli ɗaya a kwance. Fanka ta yi tsaf amma rabin iskarta a but take ƙarewa. Da hannuna na mayar.

Tauraro biyu nake ba su, ɗaya na yaron ne. Yanzu bulo na 10 ya fara nuna bambancin 0.5 a gwajin R, don haka na soma tambayar kuɗin batir cikakke.